Daga Udubo zuwa Ankara: Shekarar koyon Turkanci da ɗaliban Najeriya ke fara cin karo da ita

A ƙarshen damina, lokacin da gero ya nuna a gonakin Udubo da ke Ƙaramar Hukumar Gamawa a Jihar Bauchi, manoma kuma suka fara shirin yankan riɗi, jami'o'in ƙasar Turkiyya ke buɗe sabuwar shekarar karatu. Matashin da ya samu gurbi daga wannan yanki na Katagum zai biyo ta Azare, ya kwana a hanya kafin ya isa Abuja, sannan ya hau jirgin da zai shafe sama da sa'o'i shida kafin ya sauka a Istanbul. Yana sauka zai ƙara sa'o'i biyu a agogonsa. Wannan ne gyara mafi sauƙi cikin gyare-gyaren da ke jiransa.

Abin da iyaye da dama ba su sani ba shi ne, yaron da aka yi wa rakiya da sunan zai karanta injiniyanci ko likitanci ba zai ga ƙofar tsangayarsa ba sai bayan kusan shekara guda. Wannan shekarar ta koyon harshe ce, kuma ita ce ke raba ɗalibin da zai dawo da abin kirki da wanda zai dawo da takarda kawai, ko ma hannu rabbana. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da mataimakan manyan jami'ai a Abuja na da ruwa da tsaki a wannan batu, domin su ne 'yan uwa ke bugo wa waya daga gida idan yaro ya kammala sakandare, a ce a taimaka a nema masa makaranta a waje.

Hanyoyi biyu na zuwa

Hanya ta farko ita ce tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya mai suna Türkiye Bursları, wanda aka fara a 2012 a ƙarƙashin hukumar YTB da ke kula da Turkawa mazauna ƙetare da ɗaliban waje. Akan buɗe shafin neman tallafin daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ta intanet ake cikewa, kuma ba a biyan ko sisi. Mai neman digiri na farko sai ya kasance bai kai shekara 21 ba, mai neman na biyu bai kai 30 ba, mai neman na uku kuma bai kai 35 ba. Ana buƙatar sakamakon da ya kai kashi 70 cikin 100 ga masu digiri na farko, kashi 75 ga masu na gaba, sai kashi 90 ga masu son fannonin lafiya. Wanda ya yi nasara za a biya masa kuɗin makaranta, a ba shi masauki da inshorar lafiya da alawus na wata-wata, da tikitin zuwa da na komawa gida bayan kammalawa. Sharaɗin da ke tattare da wannan duka shi ne shekara guda ta koyon Turkanci, ko da kuwa da Turanci za a koyar da fannin da ya zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce ta masu biyan kuɗi da kansu, galibi ta hannun dillalan makarantu. A nan ne ake yawan samun kuka. Wani dillalin ba ya gaya wa iyaye cewa kuɗin shekarar harshe daban yake, wani kuma ba ya bambance musu Turkiyya da Arewacin Cyprus, yankin da ake magana da Turkanci amma babu ƙasar da ta amince da 'yancinsa a duniya sai Turkiyya. A watan Agustan 2020 shugabar Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu can, bayan rahotannin mutuwar wasu ɗaliban Najeriya a yanayi mai ɗaure kai. Tun bayan da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shirin BEA na tura ɗalibai ƙasashen waje, hanyoyin nan biyu ne suka rage wa yawancin masu sha'awar Turkiyya.

Inda kaza take nufin hatsari

Cibiyoyin koyar da baƙi Turkanci ana kiran su TÖMER, sunan da ya samo asali daga cibiyar da Jami'ar Ankara ta kafa a 1984. Yau kusan kowace babbar jami'a na da irinta. Ana fara karatu daga matakin A1 har zuwa C1 cikin wata takwas zuwa tara, kuma ana ɗaukar sunan mahalarta aji kullum. Malamai kan daina magana da kowane harshe sai Turkanci tun makonnin farko, domin a aji guda akan haɗa ɗan Najeriya da ɗan Somaliya da ɗan Afganistan da ɗan Bosniya, babu harshen da ya haɗa su sai wanda suka zo koyo.

Haruffan ba su da ban tsoro ga wanda ya iya boko. A 1928 Mustafa Kemal Atatürk ya sauya rubutun ƙasar daga haruffan Larabci zuwa na Latin guda 29, kwatankwacin yadda boko ya karɓe fagen ajami a makarantu da ofisoshin ƙasar Hausa a zamanin Turawa. Amma akwai tarko. Harafin c na Turkawa shi ne j na Hausa, don haka kalmar cami, wato masallaci, jami ake furta ta. Wasulansu takwas ne, ciki har da ö da ü da ı marar ɗigo, waɗanda bakin Bahaushe bai saba da su ba. Ga kuma tsohuwar rigimar p da f. Kalmar kuɗi ita ce para, kuma sai an yi watanni kafin ta daina fitowa a matsayin fara.

Ginin jimla ma a juye yake. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, saboda haka sai mai sauraro ya yi haƙuri har mai magana ya dire kafin ya san abin da aka yi. Kalma kuma jera mata ɗafa-ƙeya ake yi kamar taragon jirgin ƙasa: ev gida ne, evler gidaje, evlerim gidajena, evlerimde a cikin gidajena. Ɗalibin yankin Katagum da ya tashi yana jin Barbarci yana da ɗan sauƙi a nan, domin shi ma Barbarci a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau. Wani sauƙin da kowa ke samu shi ne Turkanci bai san jinsi ba, kalmar o ita ce shi, ita ce ita. Sannan akwai ɗafin -miş da ake liƙa wa aikatau idan mai magana bai ga abin da idonsa ba. Ɗaliban Turai kan sha wahala kafin su gane shi, Bahaushe kuwa da zarar an yi bayani sai ya ga ai wai ɗinsa ce aka mayar da ita nahawu.

Abin da ya fi ba ɗaliban Hausa dariya shi ne kalmomin da suka yi kama da nasu amma ma'anarsu ta yi hannun riga. A Turkanci kaza hatsari ne, yara rauni ne, gıda abinci ne, su ruwa ne, kafa kuma kai ne. Baba dai baba ne a can ma. A ɗaya ɓangaren, akwai ɗaruruwan kalmomin da harsunan biyu suka aro daga Larabci: dünya da duniya, tarih da tarihi, zaman da zamani, niyet da niyya, kalem da alƙalami, vezir da waziri. Hâkim ɗinsu alƙali ne, ba hakimin da ke riƙe da gunduma ba. Abin mamaki, kalmomin ibada da ɗalibi zai zata su ne za su zo masa da sauƙi, daga Farisanci suka zo: salla namaz ce, alwala abdest, azumi oruç, annabi kuma peygamber.

Makarantar da ke wajen aji

Duk wanda ya koyi wani harshe ya san aji rabin aiki ne. A Turkiyya ragowar rabin dole ne, domin direban bas da mai kanti da ma'aikacin banki ba lallai su ji Turanci ba. Jarrabawar farko ita ce takardar izinin zama, ikamet, wadda ake nema a hukumar shige da fice kafin biza ta ƙare. Ita ke ɗauke da lambar baƙo mai farawa da 99, kuma sai da ita ake samun sauƙin buɗe asusun banki, zuwa asibiti, da karɓar katin sufuri mai rangwamen ɗalibai.

A wannan zirga-zirga ne ɗalibi ke gano cewa Turkawa ma mutanen gaisuwa ne. Suna da kolay gelsin da ake ce wa mai aiki, daidai da sannu da aiki. Suna da geçmiş olsun ga marar lafiya ko wanda wani abu ya sama, da başınız sağ olsun a wajen ta'aziyya, da elinize sağlık da ake gode wa wanda ya dafa abinci. Ba a kiran na gaba da sunansa gatsal. Yaya namiji abi ne, mace abla, sa'an uba amca, sa'ar uwa teyze, malami kuma hocam. Yaron da aka rena a Udubo ko Azare, inda ake durƙusa wa manya, ba ya buƙatar a koya masa dalilin wannan. Tambayar da ba ta ƙarewa kuma ita ce ta asali, domin Baturke na son sanin garin da mutum ya fito kamar yadda Bahaushe ke tambayar mutumin ina ne.

Sai dai akwai alamomin da ke jawo rashin fahimta. Idan Baturke zai ce a'a, sai ya ɗaga gira, ya ɗan ɗaga haɓa, ya yi wani sauti da harshe mai kama da tsaki. A ƙasar Hausa wannan cin mutunci ne, a can kuwa amsa ce kawai. Idan aka ziyarci gida, ana cire takalmi a ƙofa a ba baƙo silifa, a zuba masa turaren lemo a hannu, sannan a kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Ana ƙarewa za a ƙara, kuma ƙin karɓar na farko bai cika yi wa mai gida daɗi ba. Karnuka da kyanwoyi na kwance a bakin shaguna, jama'ar unguwa ke ciyar da su, abin da ke ɗaukar sabon zuwa lokaci kafin ya daina tsallaka titi.

Ciki ma yana da nasa karatun. Burodi ne tuwon Turkawa, da shi ake cin komai, karin kumallo kuma cuku ne da zaitun da tumatir. Yaji kaɗan ne in ban da a kudu maso gabas. Nononsu mai ruwa, ayran, gishiri ake sa masa, wanda ya saba da fura da sukari kuwa sai ya yi ta maza a kurɓin farko. Amma akwai abubuwan da ke tuna gida: boza da ake sha da hunturu, wanda akan yi da gero, ɗan uwan kunu ne, mutanen Konya kuma na yin miyar busasshiyar kuɓewa a bukukuwansu. Simit, zagayayyen burodin da ake sayarwa a kowace kusurwa, lulluɓe yake da riɗi, kuma Turkiyya na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Ba abin mamaki ba ne ƙwayar da ke kan karin kumallon ɗalibi ta fito daga gonakin Bauchi ko Jigawa.

Sanyi kuwa ba a kwatanta shi da hunturun gida. Ankara da Konya na ganin dusar ƙanƙara, a Erzurum da ke kan tsaunukan gabas kuma ma'auni kan sauka ƙasa da 20 a ƙarƙashin sifili. Tunda hukumar tallafin ce ke tura ɗalibi jami'ar da za ta karɓe shi daga cikin zaɓinsa, ba kowa ke samun Istanbul ba. Ƙananan garuruwa sun fi kaɗaici, amma sun fi arha, kuma a nan harshe ya fi saurin kama baki, domin babu wanda za a yi Hausa ko Turanci da shi.

Alƙibla ɗaya, ɗabi'a daban

Babban abin da ke kwantar wa iyaye hankali shi ne ƙasar ta Musulmi ce, ana jin kiran salla, nama kuma na halal ne. Wasan kwaikwayon Ertuğrul da ake kallo a wayoyi ya ƙara wa wannan hoto armashi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Turkiyya jamhuriya ce da tsarin mulkinta ya raba addini da gwamnati. Juma'a ranar aiki ce, ana sayar da barasa a fili, kuma a aji guda za a ga mai lulluɓi kusa da wadda ba ta yi. Har zuwa wajen 2010 ana hana mai ɗankwali shiga jami'a, sai a 2013 aka ɗage haramcin ga ma'aikatan gwamnati. Hoton Atatürk na rataye a kowane aji da ofis, ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe kuma jiniya kan tashi, mutane su tsaya cik a tituna don tuna lokacin rasuwarsa. Akwai dokar 1951 da ta tanadi ɗauri ga wanda ya ci mutuncinsa. Ɗalibin da ya saba da sakin baki a Facebook ya kamata ya san wannan tun kafin ya tashi.

A masallaci ma akwai darasi. Yawancin Turkawa Hanafawa ne, ɗan Katagum kuma a kan Malikiyya ya tashi. Zai ga ba a ɗaga murya da amin, ana yin wutiri raka'a uku a haɗe, ana kuma zama a yi tasbihi tare da ladan bayan sallama. Hukumar Diyanet da aka kafa a 1924 ita ke ɗaukar limamai aiki, ita ke shirya huɗubar Juma'a, kuma da lissafi take tsayar da ranar fara azumi da ta salla tun kafin shekara ta kama. Saboda haka wata shekarar ɗalibi kan tashi da azumi alhali gida ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi.

Watan Ramadan ne lokacin da baƙunta ke raguwa. Masu ganga na zagaya unguwanni da asuba suna tada mutane sahur, ƙananan hukumomi na kafa rumfunan buɗa-baki kyauta, iyalai kuma na gayyatar ɗaliban waje gidajensu. Ranar salla yara kan sumbaci hannun manya su ɗora a goshi, a ba su kuɗi, wato dai goron salla. A gidajen burodi akwai al'adar askıda ekmek, inda mai hali ke biyan kuɗin burodin da ya wuce buƙatarsa a rataye wa mabuƙaci. Duk da haka ranar salla ce ranar da kewa ta fi tsanani, ga wanda ya saba da hawan sarki a Azare da yawon gaishe da dangi.

Baƙar fata a idon jama'a

A garuruwan da ba su saba da 'yan Afirka ba, kallo ne abu na farko. Wasu za su nemi a ɗauki hoto, wasu su tambaya ko mutum ɗan ƙwallo ne. Yawanci son sani ne, amma ba koyaushe ba. Akwai masu gidajen haya da ke cewa an riga an kama da zarar sun ga mai nema, akwai kuma kalmomin da ake jifa da su waɗanda sai harshe ya nuna ake gane nauyinsu. Tun da tattalin arziki ya tsananta, ƙyamar baƙi ta ƙaru, kuma binciken takardu a titi ya yawaita. A 2023 mutuwar wata ɗaliba 'yar Gabon a garin Karabük, inda ɗaliban Afirka ke da yawa, ta tada hankalin ɗalibai a faɗin ƙasar. Tsofaffin mazauna Istanbul kuma ba su manta da Festus Okey ba, ɗan Najeriyar da aka harbe a ofishin 'yan sanda na Beyoğlu a 2007, shari'ar da ta ɗauki shekaru masu yawa.

A nan ma harshe ne garkuwa. Wanda zai iya yi wa ɗan sanda bayani, ya karanta yarjejeniyar haya kafin ya sa hannu, ya faɗa wa likita inda ke masa ciwo, ba a yi masa irin kallon da ake wa wanda ke nuni da hannu. Ɗalibai kan yi mamakin jin cewa ƙasar na da nata baƙaƙen fata, zuriyar waɗanda aka kawo daga Afirka a zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, waɗanda ke zaune a ƙauyukan kewayen Izmir, suka kuma kafa ƙungiyarsu a 2006.

Aljihu da siyasa

Shekarun baya-bayan nan sun matse ɗalibai ta fuska biyu. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a alƙaluman hukuma, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, darajar lira ta zube. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, abin da iyaye ke turawa ya ƙara ƙanƙancewa. Doka ba ta ba ɗalibin digiri na farko damar neman izinin aiki ba sai ya cika shekara guda. Waɗanda ke Istanbul kan sami ɗan abin kashewa ta hanyar yi wa 'yan kasuwar Kano da Legas tafinta a kasuwannin tufafi na Laleli da Osmanbey da Merter, ko haɗa su da masu jigilar kaya. Sana'a ce mai koyar da harshen ciniki, amma ta sha janye ɗalibi daga aji har ya rasa gurbinsa.

Akwai kuma abubuwan da babu wanda ya shirya musu. Bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016, gwamnatin Turkiyya ta rufe jami'o'i masu zaman kansu 15 da ta danganta da ƙungiyar Fethullah Gülen. Ɗaliban Najeriya da ke cikinsu sun shiga tsaka mai wuya, an tsare wasu a filin jirgin sama an dawo da su, har maganar ta kai zauren Majalisar Wakilai. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 kuma ta hallaka sama da mutum 50,000 a kudancin ƙasar, ta sa aka mayar da karatun jami'o'i ta intanet na wani lokaci. Darussan biyu sun nuna amfanin yin rajista da Ofishin Jakadancin Najeriya a Ankara, da bincikar matsayin makaranta a wajen hukumar YÖK mai kula da jami'o'i kafin a biya kuɗi.

Abin da ake dawowa da shi

Hulɗar wannan yanki da Turkawa ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 16, lokacin da ƙasar da ake kira Katagum a yau ke ƙarƙashin inuwar Borno, Mai Idris Aloma ya aika jakadu zuwa fadar Sarki Murad na Uku a Istanbul, kuma limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta labarin 'yan bindigar Turkawa da ke cikin rundunarsa. A zamanin nan, ƙasashen biyu na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar D-8 a Istanbul a 1997. Shugaba Recep Tayyip Erdoğan ya ziyarci Abuja a 2016 da 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Turkiyya a 2017 da 2021. Rundunar Sojin Sama ta Najeriya ta sayi jirage masu saukar ungulu samfurin T-129 daga can, Rundunar Sojin Ruwa ta ba kamfanin Dearsan kwangilar ƙera jiragen sintiri, gidan watsa labaran TRT kuma ya buɗe tashar TRT Afrika a 2023 da sashen Hausa.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan hulɗoɗi na buƙatar wanda zai zauna a teburi yana jin abin da ɗaya ɓangaren ke faɗa wa juna, ya kuma karanta takarda a harshen da aka fara rubuta ta. Idan tafintan taro na ɓangare ɗaya ne kawai, ɗaya ɓangaren da kunnen aro yake ciniki. Turkiyya ta fahimci wannan, shi ya sa take kashe kuɗi a kan shekarar harshe, take kuma bibiyar tsofaffin ɗalibanta ta ƙungiyoyinsu. A gida kuwa, wanda ya dawo zai fara da tantance takardunsa a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ya yi rajistar bautar ƙasa a matsayin wanda ya yi karatu a waje, idan likita ne ya zauna jarrabawar majalisar likitoci. A duk wannan layi takardar digiri ake dubawa. Takardar C1 ta Turkanci, wadda ta ci shekara guda ta rayuwarsa, sau da yawa a ƙasan akwati take ƙarewa.

Yankin Katagum ya daɗe yana ba tarayya ma'aikata. Daga Azare aka samu Alhaji Aminu Saleh, tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Malam Adamu Adamu da ya riƙe Ma'aikatar Ilimi daga 2015 zuwa 2023, daga Shira kuma aka samu Alhaji Mahmud Yayale Ahmed da ya shugabanci ma'aikatan tarayya. Waɗanda suka gaje su a ofisoshin Abuja na iya yin abubuwa biyu da ba sa buƙatar kasafi. Na farko, idan ɗan uwa ya bugo waya daga Udubo ko Gamawa, a gaya masa gaskiya: neman tallafin kyauta ne, ba ya buƙatar dillali, karatun zai ɗauki ƙarin shekara, kuma yaron da ba ya shirin zama ɗan aji ɗaya a harshen wasu gara ya nemi gurbi a Gaɗau ko Azare. Na biyu, idan za a karɓi tawaga daga Ankara ko a duba wata yarjejeniya, a tambaya ko a cikin matasan ma'aikata da masu bautar ƙasa da ke ma'aikatar akwai wanda ya yi TÖMER. Sau da yawa akwai shi, yana zaune a ofishin rajista yana jera fayil.